Dogon Gefen Alwatika: Ƙa'idar Fitagoras da Amfaninta

Batun wannan lacca shi ne alwatika, watau siffar nan mai gefe uku da kusurwa uku, musamman irin wadda ɗaya daga kusurwoyinta ke da digiri 90, kamar inda bango ya sadu da daɓe. Gefen da ke fuskantar wannan kusurwa shi ne mafi tsawo a kullum, kuma shi ne ɗalibai suka fi tuntuɓe a kansa a ɗakin jarrabawa.

Ƙa'idar gajeriya ce. A ninka tsawon kowane ɗaya daga gajerun gefunan nan biyu da kansa, a tara sakamakon, sa'an nan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Wannan lamba ita ce tsawon dogon gefe. In gefe ɗaya mita 3 ne, ɗayan mita 4, to 9 a tara da 16 ya zama 25, dogon gefe kuwa mita 5 ke nan.

Ana jingina ta ga Fitagoras, Bagirken da aka haifa a tsibirin Samos wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa, amma lalle an riga shi. Akwai wani allon yumɓu na mutanen Babila, wanda ke ajiye a Jami'ar Kolumbiya ta Amurka, da aka rubuta fiye da shekara 1,000 kafin zamaninsa, ɗauke da lambobi irin su 119 da 169, waɗanda in an haɗa su da 120 sun cika ƙa'idar daidai. Abin da Girkawa suka ƙara shi ne hujja. Uƙlidis na Iskandariyya ya kafa ta a mas'ala ta 47 cikin kashin farko na littafinsa, wanda Hajjaju bin Yusuf bin Maɗar ya juya zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashidu.

Hujjar ba ta gagari kowa ba. A zana murabba'i mai gefe mita 7, faɗin filinsa 49. A kowace kusurwarsa a yanke alwatika mai gefe 3 da 4, a jera su bi da bi yadda kowane gefen murabba'in zai rabu 3 da 4. Filin kowace alwatika rabin 12 ne, watau 6, guda huɗun sun cinye 24. Abin da ya saura a tsakiya murabba'i ne mai fili 25, gefensa kuwa shi ne dogon gefen alwatikar. Ko da an sauya 3 da 4 da waɗansu lambobi, haka lissafin zai fito. Ɗalibin da ya zana wannan da hannunsa sau ɗaya ya fi wanda ya haddace ƙa'idar sau ɗari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara 3 da 4 a ce 7, alhali kowane yaro da ya taɓa ratsa fili ya san ratse ya fi zagaye kusa. Wani kuma ya kai 25 ya tsaya, ya manta bai nemo tushenta ba. Mafi muni shi ne rashin karanta tambaya: in an ce tsani mai ƙafa 13 aka jingina, gindinsa ƙafa 5 daga bango, to tsanin ne dogon gefe, debewa za a yi: 169 a debe 25 saura 144, bango ƙafa 12. In kuwa babu kusurwa mai digiri 90, ƙa'idar ba ta da hurumi sam.

Ma'aikatan safiyo da masu duba gine-gine sun fi cin moriyar juyin ƙa'idar, wanda shi ne mas'ala ta 48: in gefuna uku sun cika lissafin, kusurwar digiri 90 ce tabbas. Saboda haka magini kan auna 3 a igiya ɗaya, 4 a ɗayar, ya duba ko tsakaninsu 5 ne kafin a haƙa harsashi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 16, daga kusurwa zuwa kishiyarta ƙafa 20 ne. In awo ya saɓa, ginin ya karkace, gyaransa bayan an ɗora bulo kuwa asarar kuɗi ce.

Ɗakin nan na sha biyu-sha biyu shi ke da ɗan rikici. Jimlar 144 da 144 ita ce 288, wadda ba ta da cikakken tushe, ko da a guntayen lamba, abin da Girkawa suka tabbatar tun dā. Amma 17 sau 17 ya ba da 289, don haka magini ya auna ƙafa 17, ya rage kamar sulusin inci, ya kafa turakunsa.