AGOGON GABAN MOTA: JAWABIN DA WANI ƊAN ƘUNGIYA YA YI A TARON WATA, YANGOJI

 



Kowa a nan ya san ni ba bakanike ba ne. Fataucin doya nake yi, in loda nan ƙasar Kwali in kai Kano, in juyo da wake da albasa. Shugaba ne ya ce in faɗi abin da ya same ni da tsohuwar motata, saboda ƙarar da ke yawan zuwa gaban Sarki tsakanin masu mota da direbobi. To, ga shi.

Motar Marsandi ce 911 mai bodin katako, irin waɗanda kamfanin ANAMMCO ya riƙa harhaɗawa a Inugu tun daga 1980. Ƙarfe ne na gaske. Amma da na saye ta, duk agogunan da ke gaban direba sun mutu, in ban da na iska. Gilashin ya dushe, allurar zafi ta kwanta, agogon mai kuwa kullum rabi yake nunawa ko da tanki ya bushe. Direbana, da sanda yake auna gas. Ya yi mini magana sau biyu, na ce ai mota tana tafiya.

Wata ranar Talata mun taso da doya, mun wuce Gwagwalada da Zuba da Tafa lafiya. Kafin Kateri tiyon lagireto ya tsage, ruwa ya tsiyaye, ba wanda ya sani sai da hayaƙi ya turnuƙe. Inji ya buga. Kwana huɗu muna bakin titi, doya tana shan rana. Na zage yaron nan tas a gaban mutane, Allah Ya yafe mini. Daga baya bakanike ya ce da ni, "Alhaji, da agogon zafi yana aiki, da kuɗin tiyo kawai za ka kashe." Wallahi kunya ta hana ni kallon direban.

Bayan an gyara inji na ce sai an tayar da allon nan gaba ɗaya. Na zauna da mai rewaya kwana uku, kuma abin da na gani ne nake so ku riƙe.

Mun samo tsofaffin agoguna na VDO a Panteka ta Kaduna. Akwai su kuma a Ƙofar Ruwa a Kano. Amma kada ka sayi agogo shi kaɗai. Kowane agogo na lantarki yana da abokinsa da ake ɗaurawa a jikin inji ko cikin tanki, shi ke aiko masa da labari. In ka haɗa agogon wani kamfani da abokin wani, allura za ta motsa, ka yi ta murna, alhali ƙarya take yi maka. Ni a ganina gara matacce da maƙaryaci, domin matacce ka san ba ka da shi. Sannan a duba wutar motar, 12 ce ko 24, a sayi daidai da ita.

Kuma a gwada kafin a ɗaura. Mai rewaya ya sa aka tafasa ruwa a tukunyar shayi, ya jona waya, ya tsoma abokin agogon zafi a ciki. Tafasasshen ruwa wajen 100 yake, to allura ta je kusa da nan. Na farko da muka sayo a 70 ya tsaya, muka mayar wa mai shi. Injin gas mai lafiya tsakanin 80 da 90 yake aiki. Akwai kuma agogon zafi marar lantarki, mai siririn bututu. Shi in bututun ya karye ya tashi aiki, ba a ɗinke shi.

Agogon mai, ashe lafiyarsa lau. Ƙwallon da ke yawo a kan mai cikin tanki ne ya maƙale, wayar da ke kama jikin ƙarfe kuma ta yi tsatsa. Agogon gudu sai da aka sake masa kebur daga giyabos. Wannan ma kada a raina shi, tunda 'yan Rod Sefti suna kan hanyar Lakwaja dare da rana.

Abin da na ƙara da kaina shi ne tsari. Na sa aka yanko sabon faranti, aka jera zafi da baƙin mai da iskar birki daidai idon direba, sauran suka koma gefe. Muka ja jan layi a inda haɗari ya fara, da jan farcen uwargida, har yau tana yi mini tsiya. Aka sa 'yar ƙararrawa mai kuka in ƙarfin baƙin mai ya faɗi, domin da dare ido na kan titi. Direbana bai yi boko ba amma ya yi allo, saboda haka na rubuta sunan kowane agogo da ajami a ƙarƙashinsa. Yaron mota ma yanzu yana karantawa.

Duk abin da na kashe bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Roƙona ga shugabanni shi ne, in aka kawo ƙarar inji ya buga, kafin a ɗora wa direba biya, a aika mutum biyu su leƙa gaban motar. In agogunan matattu ne, kuma direba ya taɓa faɗa, to a sauƙaƙa masa. Na san wasunku masu mota ba za su ji daɗin wannan ba. Ni ma mai mota ne.

Motar tana ƙofar gidana ranar Asabar bayan la'asar, mai son gani ya zo, mai rewaya ma zai zo. Allah Ya tsare mana hanya, Ya bar mu lafiya da masu masaukinmu.