Jawabi a Kan Kantar Ƙafa da Kula da Ita



Yau za mu yi magana a kan abin da muke rainawa, wato kanta. Yawancinmu manoma ne, kuma masu bishararmu suna taka ƙasa daga ƙauye zuwa ƙauye, ga wasu majami'a tana nesa da gida. Saboda haka kanta ba baƙuwarmu ba ce.

Me ke kawo ta? Guga da matsi. In takalmi ya matse yatsa, ko ƙotar fartanya ta yi ta gugar tafin hannu, sai fata ta yi kauri don ta kare kanta. Mai faɗi a tafin ƙafa ba ta cika ciwo ba. Amma ƙarama mai ƙwaya a tsakiya, wadda ke fitowa a kan yatsa ko tsakanin yatsu, tana suka kamar ƙaya. Ba jifa ba ce, ba sammu ba ce. Ba ta da saiwa; muddin matsin yana nan, za ta dawo.

Mu sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mu bar wa yatsu wuri, mu sa safa. In kantar ta riga ta fito, mu jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 10, mu goge a hankali da dutsen goge kaushi, mu shafa man kaɗanya. Kada mu yanke da reza.

Ga gargaɗi ga masu ciwon sukari. Ciwon yakan kashe jijiyoyin ƙafa, har gyambo ya ɓuya a ƙarƙashin kanta mutum bai ji ba, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafa. Kada su kankare, kada su liƙa filastar kanta, domin maganin da ke ciki yana cin fata. Su duba ƙafafunsu kullum; in sun ga ja, kumburi ko ruwa, su tafi asibiti ranar.

A Yohanna sura 13 Ubangiji Yesu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Dattawa da zumuntar mata, in mun je gaida tsofaffi, kada mu tsaya a addu'a kaɗai, mu roƙe su mu ga ƙafar. Allah ya taimake mu. Amin.