Gugar Agogon Hannu a Gida

Kafin a hau gugar agogon da ya ƙarzu, a sani ba ƙarzuwar ake cirewa ba. Ƙarfen da ke gefenta ake cinyewa har wurin ya daidaita. In jikin agogon ƙarfe ne zalla, irin na Seiko 5, ɗan man gugar ƙarfe na Autosol a tsumma mai laushi ya isa. A rufe gilashin da salatif, a goga a hankali, inda ke sheƙi kaɗai. Mai ruwan gwal kuwa, don Allah a ƙyale shi. Rufin gwal ɗin bai kai kaurin gashi ba, ana matsa masa tagulla za ta leƙo. Tsohon Rolex ma, in guga ta dakusar da kusurwoyinsa, kuɗinsa faɗuwa yake. Ƙarzuwar da farce ke maƙalewa a ciki, sai mai gyaran agogo.