Jawabin Shugabar Mata a Taron Matan Mazaɓu Kan Kujerun Kansila

Waɗanda ba su samu zuwa taron jiya ba sun ce a turo musu abin da na faɗa, to ga shi. Don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara turo min saƙon murya.

Kun ji abin da ya faru. 'Yar uwarmu ta sayi fom ɗin takarar kansila da kuɗinta, ta zaga gida gida, an tantance ta ta wuce. Dare ɗaya aka kira ta aka ce manya sun yi maslaha, ta janye wa namiji. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Wasu na cewa mu ƙi fita ranar zaɓe, wasu na cewa mu fita mu dangwala wa 'yan adawa don a ji a jiki. Na fahimci zafin, wallahi ni ma ban yi barci ba a daren. Amma ban yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba, kuma zan gaya muku dalili.

Ƙuri'ar nan da ake cewa mu ajiye, ba a sauƙaƙe ta zo hannunmu ba. Matan kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, mu matan arewa aka hana mu. Sai a 1976 aka bar mu, kuma da zaɓen ƙananan hukumomi aka fara, irin wannan da wasu ke rainawa. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, ta sha duka ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan magana. Yaya za a yi mu zauna a gida, alhali waɗanda suka yi mana wannan abu ba su da burin da ya wuce su ga mun yi shiru? In kuma muka yi wa jam'iyya zagon ƙasa, gobe sai a ce ai ga shi nan, mata ba su da amana. Mun ba su hujja da hannunmu.

To sai mu haɗiye? A'a. Biyayya ga jam'iyya daban, a mayar da mu 'yan anko da guɗa daban. Mu ne ke cika fili ranar gangami, mu ne a layi tun asuba da goyo a baya, amma ranar raba kujeru sai a tuna cewa muna da girki. Ko dokar zaɓe ta 2022 cewa ta yi maslaha ba ta tabbata sai duk waɗanda aka tantance sun amince a rubuce. Wadda aka kira da tsakar dare aka ce ta janye, wannan ba shawara aka yi da ita ba, umarni aka ba ta.

Wata ta ce min, Hajiya, kansila fa kawai, mene ne abin tada jijiyar wuya? 'Yar uwa, duba aikin da tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara, magudanan ruwa, rajistar haihuwa, sannan tana da hannu a makarantun firamare da asibitocin sha ka tafi. Wanne ne a ciki ba rayuwarmu ba? Bara na raka wata maƙwabciyata haihuwa a ƙaramin asibiti cikin dare, da fitilar waya aka karɓi haihuwar, ruwa kuwa a jarka muka kai. Da safe na nemi kansilanmu, ya ce bai san ana haihuwa a wurin da dare ba. Ba mugu ba ne. Bai taɓa kwana a can ba ne kawai.

Sannan tun 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk ranar da wannan ya zauna daram, kansiloli ne za su zauna a kan kasafin kuɗin. A jihar Kano kaɗai kujerun kansila 484 ne a ƙananan hukumomi 44. Ku ƙirga da kanku mata nawa kuka sani a kai. Manufar ƙasa ta 2006 ta ware wa mata kashi 35 cikin ɗari, kuma a 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce gwamnati ta cika wannan a naɗe-naɗenta. Takarda dai tana nan.

Dole kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar da aka zaɓi shugabannin jam'iyya na mazaɓa, mu nawa muka je? Da yawanmu ko katin jam'iyya ba mu sabunta ba. A can ake yanka naman, mu kuma sai an gama rabo muke zuwa da kwano. Akwai kuma waɗanda a cikinmu suka karɓi turmin atamfa suka koma bayan wancan ɗan takarar tun kafin a ce ta janye. Ba zan kama suna ba, kowa ta san kanta.

Ga abin da muka tsayar. Za mu yi wa jam'iyya aiki, za mu fito zaɓe. Amma kafin nan za mu kai wa shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma takarda mai sa hannun shugabannin mata na kowace mazaɓa: a mayar wa 'yar uwarmu kuɗin fom ɗinta, a sa mata a cikin kansiloli masu gafaka, musamman ɓangaren lafiya ko ilimi, kuma daga yau kada a sake zaman maslaha babu shugabar mata a ɗakin. A rubuce muke son amsa, kafin ranar gangami, domin alkawarin baki mun gaji da shi.

Kowace shugabar mazaɓa ta zo ranar Asabar bayan la'asar da sunayen matanta da lambar katinsu na jam'iyya. Wadda maigida bai bar ta ba ta aiko wakiliya. Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.