Kyanwar Tsintuwa Mai Ɗauke da Cutar FeLV



Yau maganarmu a kan kyanwa ce. Kyanwar da ka tsinto a bakin kwata, ta rame ta ƙanjame. Ka kai ta wurin likitan dabbobi, ya gwada jininta, ya ce tana ɗauke da cutar FeLV.

Da farko, kwantar da hankalinka. Cutar nan ba ta kama mutum. In maimaita, ba ta kama mutum. Tsakanin kyanwoyi take yawo, ta miyau, wajen lasar juna da cin abinci a kwano ɗaya, ko daga uwa zuwa 'ya'yanta.

Aikin cutar karya garkuwar jiki. 'Yar mura sai ta kwantar da kyanwa. Jini ya ragu, wani lokacin har ta kai ga ciwon daji. Maganin warkewa babu, amma wasu kan yi shekaru suna ci suna wasa.

To, me ya rage gare ka? Ka tsare ta a gida. Na sani, kyanwa ba ruwanta da katanga, don haka ware mata ɗaki da kwanonta. Sauran kyanwoyin gidan a gwada su, a yi musu rigakafi.

Ban da ɗanyen nama, dafa mata. Ka riƙa ɗaga leɓenta kana duba dasashi. In ya yi fari fat, ko ta ƙi abinci, garzaya wurin likita.

Kuma don Allah, kada ka ba ta farasitamol. Ga kyanwa guba ne, yana kisa.

Mu kwana nan. A huta lafiya.