Amsoshin Takardunku: Ƙoda Don Biyan Bashi?

Jama'a masu sauraro, wani manomi daga wajen Gumel ya aiko mana da takarda. Ya ce ubangidansa yana fama da ciwon ƙoda, an ce in ya ba da tasa guda za a yafe masa bashin taki, a haɗa masa da babur. Yana tambaya, wannan taimako ne ko ciniki?

To Malam, ciniki ne, tunda an yanka farashi. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana karɓar kuɗi a kan sashen jiki, sai dai a mayar wa mutum abin da ya kashe, kamar kuɗin mota da na magani. Majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Jidda a 1988 ita ma ta halatta bayarwa, ta haramta sayarwa. A 2023 kuwa kotun Ingila ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8, saboda kai wani saurayi mai talla daga Legas don a cire masa ƙoda.

Gaskiya ne ana rayuwa da ƙoda ɗaya, a Asibitin Malam Aminu Kano ma ana dashe tun 2002. Amma fa tiyata ce babba, sai ka yi makonni ba ka ɗaga buhu ba. Wa zai yi maka noman bana? Abin da ya fi damun mu shi ne bashin nan, domin wanda ake bi da ƙyar yake iya cewa a'a. Ka je ka ga likitan kai kaɗai, ba da mutanen alhajin ba, ka faɗa masa zancen bashin.