Zaman Gida Ba Zaman Banza Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Duk mun tuna shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kulle Kaduna a watan Maris, Kano kuma a watan Afrilu. Aka rufe kasuwanni da makarantu, aka dakatar da sallar Juma'a, har azumin 1441 ya riske mu a cikin gida. To, kowa ya tambayi kansa: da me na fito daga wannan kulle?

Wani ya riƙe izu biyu kullum, cikin kwana 30 ya sauke Alƙur'ani. Wani ya zauna wajen yayarsa ya koyi ɗinkin hula. Wani ya zuba ƙasa da taki a buhu ya shuka alayyahu, aka samu na miya ranar da babu kasuwa. Wani ya tara ƙannensa a zaure yana biya masu karatu. Wani kuwa waya ce a hannunsa daga Asuba har Isha'i, mahaifiyarsa tana jan ruwa a rijiya yana kallo. Da aka buɗe gari, bashin kati kawai ya fito da shi.

'Yan uwa, kulle bai mayar da kowa malalaci ba, tona asirin malalaci ya yi. Wanda bai saba raba yininsa tsakanin karatu, sana'a da hidimar iyaye ba, ranar da aka tsare shi a gida barci zai yi. Saboda haka a fara tun yau, kafin wata jarrabawar ta zo.

Allah Ya sa albarka a lokutanmu. Wassalamu alaikum.